Yadda Ake Shirya Tafiyar Mota Daga Kano Zuwa Kalaba, Da Kwanan Tanti Da Ziyarar Abokai A Hanya

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da zango suke auna tafiyarsu. Tun kafin ayari ya ɗaga, madugu ya san inda za a kwana gobe da jibi, ya san rijiyar da za a shayar da jakuna, ya kuma san mai masaukin da zai karɓe su a kowane gari. Wanda yake son ya ɗauki motarsa ya ratsa Najeriya daga Arewa zuwa bakin teku, yana kwana wasu darare a tanti, wasu kuma a gidajen abokai, da wannan lissafi ya kamata ya fara, domin a ƙasar nan abin da yake gyara doguwar tafiya ko ya ɓata ta shi ne inda magariba ta riski matafiyi. Zan yi misali da hanya guda: Kano zuwa Bauchi da gandun dajin Yankari, daga nan Jos, sai Akwanga da Lafiya da Makurɗi, sai Gboko da tsaunin Obudu, a ƙare a Kalaba. Tsawonta kimanin kilomita 1,500 ne idan aka haɗa da shiga Yankari da fitowa, kuma kwana goma zuwa goma sha biyu sun isa a yi ta a tsanake, ban da dawowa.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da rubuta zango

Lokacin da ya dace shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, kafin zafin bazara ya sauko. A ganina tsakiyar Janairu ya fi kowane, saboda ciyawar Yankari ta bushe, namun daji sun fara taruwa a bakin kogin Gaji inda ake iya ganinsu, damina ta janye daga jihar Kuros Riba, cunkoson Kirsimeti kuma ya wuce. Wanda ya nufi Kalaba a makon ƙarshe na Disamba zai tarar da bikin kanibal da ake yi tun shekarar 2004, kuma a lokacin gari yana cika, masauki yana tsada, abokin da za a sauka wurinsa ma yana da baƙinsa. Aibin Janairu ɗaya ne, wato hazon hunturu da yake rufe hanya da sassafe, amma wannan maganinsa kunna fitila da rage gudu.

Bayan an tsai da wata, sai a ɗauki takarda a rubuta darare ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowane dare a sa sunan gari, da wurin kwana, da sunan mutumin da ya san da zuwanka da lambar wayarsa. Daren da ba shi da sunan mutum a gabansa bai shiryu ba tukuna. Kada tafiyar yini ɗaya ta wuce kilomita 300 zuwa 350, a tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya yi haske, a kuma isa masauki da la'asar, domin a bar sa'a biyu ta ko-ta-kwana saboda fashewar taya ko jinkirin shingen bincike. A wannan hanya tsarin zai iya zama dare ɗaya a Bauchi, biyu a Yankari, biyu a Jos, ɗaya a Makurɗi, biyu a Obudu, sai uku a Kalaba.

Game da tanti kuwa, wurare uku kaɗai na yarda a kafa shi: cikin gandun daji ko wurin shaƙatawa mai masu gadi, bayan an nemi izinin hukumar wurin, cikin harabar gida ko gonar aboki, ko kuma wurin da mai unguwa ko dagaci ya nuna da kansa. Abin da ake gani a hotunan intanet, mutum ya ratse daga titi ya kafa tanti a gindin dutse ba tare da sanin kowa ba, tsarin wasu ƙasashe ne. A nan kowane fili yana da mai shi, kuma baƙon da aka gani da wuta cikin dare a bayan gari zargi zai fara jawo wa kansa kafin komai.

Mataki na biyu: tambayar lafiyar hanya

Wannan hanya tana ratsa jihohin Filato da Nasarawa da Binuwai, inda rikicin manoma da makiyaya da na ƙabilanci yakan tashi ba zato, kuma ya sha rutsawa da matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Abin da ya faru a hanyar Rukuba da ke Jos a watan Agusta na 2021, inda aka tare matafiyan da suka fito daga Bauchi aka kashe da dama daga cikinsu, ya isa ya sa mutum ya ɗauki tambaya da muhimmanci. Don haka ana tambaya sau biyu, mako guda kafin tashi, da kuma daren kowane zango game da hanyar gobe. Waɗanda suka fi kowa sani su ne direbobin haya da suke bin hanyar kullum, saboda haka a shiga tasha a gaisa da 'yan kamasho da direbobin layin, a tambaye su inda hanya ta lalace, da inda ba a tsayawa, da ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi. Idan direban haya ya ce shi ba ya bin wuri kaza bayan ƙarfe huɗu, to kai ma ka ɗauki wannan a matsayin doka. Taswirar waya tana da amfani, musamman idan an sauke ta tun a gida don ta yi aiki inda babu sabis, amma tana son yanke, kuma yanken da take nunawa sau da yawa ta cikin ƙauyukan da ba su saba ganin baƙuwar mota ba yake bi. A tsaya kan babbar hanya.

Kada a ɗauki makami kowane iri, ko da bindigar farauta ce mai lasisi. Wuƙar girki ma a naɗe ta cikin kayan abinci.

Mataki na uku: sanar da masu masauki

Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar da ta iso ba sanarwa tana iya sa mai gida cikin kunya. A kira kowane aboki mako biyu kafin tafiya, a gaya masa ranar isowa, da yawan mutane, da ko akwai mata da yara, da kwana nawa za a yi. Faɗin ranar tashi tun daga farko yana sauƙaƙa wa mai gida da uwargidansa lissafin cefane da na ɗaki, kuma ko a Musulunci haƙƙin baƙunci kwana uku ne. A zamanin tsadar nan dare biyu ya wadatar. Idan gidan ƙarami ne, a nan tanti yake nuna amfaninsa na biyu: maza su nemi a ba su gefen tsakar gida ko farfajiya su kafa, mata da yara su shiga ciki, ba a tashi kowa daga ɗakinsa ba. Sai dai a gabatar da maganar da dabara, a ce yara ne suke ɗokin kwanan tanti, domin akwai mai gidan da zai ji an raina masaukinsa.

Abokin da ba Musulmi ba, kamar wanda aka yi makaranta ko hidimar ƙasa tare da shi a Makurɗi ko Kalaba, a gaya masa tun a waya abin da ba a ci da abin da ba a sha, a kuma tambaye shi inda za a riƙa yin salla. Faɗin haka tun da wuri ya fi a zauna gaban kwanon da matarsa ta wuni tana dafawa sannan a fara kame-kame.

Tsaraba ita ma da zango ake shirya ta. Daga Kano a ɗauki abin da ba ya lalacewa, irin su kilishi da alkaki da dabino da turaren wuta da hular zanna ko takalmin fata, a ƙulla na kowane gida daban, a rubuta suna a jiki, don kada a isa zango na uku a tarar an rabar da komai a na farko. A hanya kuma sai a riƙa ɗaukar na gaba daga abin da gari ya shahara da shi: dankalin Turawa da kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada ta Jos a kai wa na Makurɗi, doya da lemo daga Binuwai a kai wa na Kalaba.

Mataki na huɗu: mota da takardunta

A kai mota wurin bakanike mako guda kafin tafiya. Dalilin mako gudan shi ne a samu kwanakin da za a yi ta yawo da ita a gari bayan gyara, domin kuskuren gyara a kwana biyun farko yake bayyana, kuma gara ya bayyana a Kano da ya bayyana a gangaren Hawan Kibo da ke tsakanin Jos da Akwanga. A yi juyen baƙin mai, a canza matatar mai da ta iska, a duba birki gaba da baya tare da mansa, a duba lagireto da robobinsa da fanka, a duba fanbel da batir da fitilu da abin share gilashi. Taya kuwa ba a amince mata don zanenta yana da kyau. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi da kaya a but ita ce take fashewa. Safaya ma a duba iskarta, a kuma gwada jak da sifanar taya a gida, a tabbatar suna kwance nocin motar.

A but a ajiye fanbel ɗaya, da galan na baƙin mai, da man birki, da jarkar ruwa ta lagireto, da wayar haɗa batir, da igiyar ja, da famfon taya mai aiki da wutar mota. Gwangwanin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku dole ne, jami'an hanya suna tambayarsu.

Takardu su ne lasisin tuƙi, da lasisin mota, da shaidar mallaka, da takardar lafiyar mota, da inshora, sai izinin 'yan sanda idan gilashi mai duhu ne. Inshorar da ake saya a bakin ofishin lasisi ba kowace ce ta gaskiya ba, kuma ana iya tantance ta da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. A yi hoton kowace takarda kofi biyu, a ajiye hotonsu a waya, a sa na asali a jaka guda da ba ta barin jikin direba. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa.

Mataki na biyar: kayan kwana, guzuri da kuɗi

Tanti mai rufi biyu ake so, na ciki mai raga da ke hana sauro, na waje mai tare raɓa, domin a Obudu raɓa tana sauka kamar yayyafi. A kafa shi sau ɗaya a tsakar gida kafin tafiya, a ƙirga sanduna da turaku, a koyi yadda ake naɗe shi ya koma jakarsa. A haɗa da leda mai kauri ta shimfiɗawa a ƙasa, da tabarma, da siririyar katifa, da bargo ga kowane mutum, da rigar sanyi da hula da safa. Mutumin Kano yakan ɗauka ya san sanyi, sai ya kwana a waje a Jos cikin Janairu, inda dare yake saukowa kusa da digiri 10. A ɗauki tocila biyu, ɗaya mai ɗaurawa a goshi don hannu ya samu sakewa, da fitilar sola, da abin cajin waya, da buta, da bokiti, da ƙaramar shebur, da igiyar shanya.

Na girki ƙaramar tukunyar gas ta wadatar, da tukunya biyu, da butar shayi, da kwanuka marasa fashewa. Guzuri a zaɓi busasshe: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, taliya, shinkafa, yaji, man gyaɗa a gora mai murfi, kayan shayi da madarar gari. Ɗanyen kaya a riƙa sayensa a hanya. Ruwan sha a lissafa lita huɗu ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da wanke-wanke, kuma duk ruwan da aka ɗebo daga rafi ko rijiyar da ba a sani ba sai an tafasa shi.

Akwatin magani ya ƙunshi maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta, da farasitamol, da bandeji, da maganin wanke rauni, da man korar sauro, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Idan ƙullin ya ƙare ana haɗa shi da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya da mako guda.

Lissafin mai ba shi da wuya. Motar da take cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha kimanin lita 150 a zuwa kaɗai, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda hawan dutse da nauyin kaya da yawon cikin gari, sannan a ninka biyu saboda dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashi yake bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka a yi lissafi da farashi mafi tsada. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, kuma a sha mai a babban gidan mai na cikin gari. Kuɗi a raba su uku: na kati, da tsabar da ke jikin direba, da wata tsabar a ɓoye a wani wuri cikin mota, tare da canji ƙanana. Layin waya ya zama na kamfani biyu daban, a kuma haddace 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta kiran gaggawa.

Mataki na shida: ranar tashi da ladabin hanya

Daga Kano a bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kimanin kilomita 300, a isa Bauchi da azahar. Mota mai zaman kanta iyakar gudunta kilomita 100 a sa'a a kan tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. A tsaya duk bayan sa'a biyu a miƙe ƙafa, a taɓa tayoyi, a leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu yana ɗiga. Idan direbobi biyu ne a yi karɓa-karɓa tun kafin gajiya ta zo. Tafiyar ta kai a yi ƙasaru, domin a mazhabar Malikiyya nisansa mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, kuma matafiyi yana ci gaba da yin sa matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, wanda a tsarin da muka yi babu zangon da ya kai haka.

A shingen bincike a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a kashe rediyo, a cire tabarau, a fara gaisuwa: “Sannu da aiki, yallaɓai.” Kayan tanti suna jawo tambaya, saboda sanduna a cikin doguwar jaka suna kama da wani abu daban, don haka a ɗora jakar a sama inda za a buɗe ta nan take. Amsa ta zama gajera kuma iri ɗaya a bakin kowa: daga ina, zuwa ina, wurin wa. A nan ma takardar zango tana aiki, domin matafiyin da ya ambaci sunan unguwa da na mai masaukinsa ba a cika riƙe shi ba.

A Bauchi, bayan an sauka an gaisa da mutanen gida, a fara da iyayen mai gida idan suna nan, ana iya ziyartar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da yamma, a ci masar da garin ya yi suna da ita, a cika tanki da jarkoki, domin gobe daji za a shiga.

Mataki na bakwai: kafa tanti

Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofar Yankari a Mainamaji, daga nan kuma akwai kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. An keɓe gandun a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina a cikinsa. A ofishin sansani za a nemi izinin kafa tanti, su ne kuma za su nuna wurin. Kewayen daji da jagora ake yin sa, safe ko yamma, kuma a sa tufa mai dogon hannu mai haske, saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi.

A fara kafawa sa'a biyu kafin faɗuwar rana. A zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da doguwar ciyawa da suri da tarin duwatsu, kuma ba ƙarƙashin busasshen reshe ba. A share ƙasa da tsintsiya, a duba ramuka da layin tururuwa, a shimfiɗa leda, a ɗora tanti ƙofarsa tana bai wa iska baya, wanda da hunturu yana nufin ta kalli kudu maso yamma. Turaku a kafa su a karkace, kansu yana kallon waje, sannan a ja igiyoyi su yi tauri. Zif ɗin ƙofa a rufe yake zama ko da minti ɗaya za a fita, takalma kuma a shigar da su ciki ko a zazzage su da safe kafin a sa ƙafa, domin kunama tana son ɗumin takalmi. Bayan duhu ba mai taka ƙasa ba tocila ba takalmi. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo, a nufi asibiti nan take.

Girki a waje ake yin sa, nesa da tanti. Gawayi ko gas ko janareta a cikin rufaffen tanti suna fitar da iskar da ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci, don haka duk tsananin sanyi bargo za a ƙara. Abinci kuma a mota yake kwana, gilashi a rufe. Birai da gadu na sansanin Wikki sun saba da mutane ƙwarai. Na taɓa ajiye ledar burodi a kan but na juya in ɗauko butar shayi, ban kai ga ɗagowa ba sai na ga wani ƙaton gwaggon biri zaune a kan rufin mota yana yage ledar da haƙora, yana kallona kamar ni ne na shigo masa gida, wanda kuwa gaskiyarsa ce. Ba a ba su abinci, ba a kuma yi musu kokawa a kan abin da suka riga suka ɗauka. Ladan wannan wahala shi ne maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 dare da rana, wanda shigarsa da asubar hunturu yana wanke gajiyar hanya gaba ɗaya. Kafin a tashi a kashe wuta da ruwa, a kwashe shara a leda a fita da ita.

Idan ya kama za a kwana a ƙauye, to wurin mai unguwa ake fara zuwa tun da sauran rana, tare da ɗan gari idan an samu, a durƙusa a gaisa, a ce: “Ranka ya daɗe, matafiya ne daga Kano za mu Kalaba, muna neman inda za mu sa haƙarƙari zuwa safe.” A miƙa goro ko ɗan abin gaisuwa. Inda ya nuna nan za a kafa, ko da harabar makarantar firamare ce, domin daga wannan lokaci kun zama baƙinsa.

Mataki na takwas: tsaunuka biyu da gangarensu

Daga Yankari sai a dawo ta Bauchi. Daga Bauchi zuwa Jos kimanin kilomita 130 ne, hawa ne a hankali har sama da mita 1,200. A kwana biyun Jos a leƙa gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da gumakan yumɓu na Nok, a kuma bar mai masauki ya zaɓi unguwannin da za a bi da waɗanda za a kauce wa, tun da da ɗan gari akan ci gari. Ranar fita, gangaren Hawan Kibo yana jira a hanyar Akwanga. A sa mota a ƙaramar giya tun daga sama, giya ta biyu ko ta uku, a bar inji ya riƙe ta, a riƙa taɓa birki ana saki. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. A ba tirela da tanka tazara mai yawa, gaba da baya. Magangarar ruwa ta Assop tana nan kusa da hanya ga mai son ya huta rabin sa'a.

Daga Akwanga zuwa Lafiya da Makurɗi tagwayen hanya ce. A Makurɗi za a haye kogin Binuwai, inda tsohuwar gadar 1932 take nan har yanzu, kuma mai neman masallaci da abincin gida ya tambayi unguwar Wadata. Kalmar “msugh” ta Tibi, wadda ake gaisuwa da godiya da ita, tana buɗe fuskar mai sayar da lemo a bakin hanya fiye da yadda ake zato. Daga nan sai Gboko da Vandeikya da garin Obudu, inda za a cika tanki, domin daga garin zuwa kan tsauni akwai kimanin kilomita 60, kuma kilomita 11 na ƙarshe hawa ne mai lanƙwasa sama da ashirin. A hau da rana, kafin hazo ya sauko, a yi oda a kowace kwana, ido yana kan allurar zafin inji. A sama, tsayin ya kusa mita 1,600, wurin kiwon shanu ne da aka kafa a 1951 kafin ya zama wurin shaƙatawa, kuma iska tana da ƙarfin da za ta tumɓuke tantin da ba a ɗaure da kyau ba, don haka a nemi gefen gini ko jerin bishiyoyi, a ɗora duwatsu a kan turaku. Saukowa kuma dokar Hawan Kibo ce, har ma da ƙari.

Mataki na tara: Kalaba da juyowa

Daga Obudu a bi ta Ikom da Ugep zuwa Kalaba, tafiyar yini guda cur, don haka a sauko daga tsauni da sassafe. A Kalaba unguwar Hausawa ita ce Bogobiri, can masallaci yake da masu tsire da 'yan canji, kuma wanda ba shi da aboki a garin ya fara da gaida Sarkin Hausawa. Godiya da harshen Efik “sosongo” ce. A gidan mai masauki a bar mata su shiga madafa su taya aiki, maigida kuma ya fita da abokinsa kasuwa ya biya kuɗin cefanen rana ɗaya ba tare da ya mai da shi magana ba. Ranar sallama a ba yaran gida abin sayen alewa a gaban iyayensu, a kuma kira mai gida da zarar an isa zango na gaba, domin hankalinsa yana kan hanya har sai ya ji an sauka.

Kafin a juyo a kai mota a sake duba birki da baƙin mai da iskar tayoyi, a sake tambayar lafiyar hanya daga farko, saboda labarin kwana goma da suka wuce ya tsufa. A rubuta sabuwar takardar zango ta dawowa, a rage kwanaki a gidajen da aka riga aka sauka zuwa dare ɗaya. Manjan tsaraba a zuba shi a jarka mai murfi biyu, a sa ta cikin leda, a tsayar da ita a bokiti nesa da barguna. Tantin da ya sha raɓar Obudu da laimar Kalaba kuma, ranar da aka isa Kano a baza shi a rana ya wuni, a kakkaɓe shi, a ƙirga turakunsa, sannan a naɗe, in ba haka ba fumfuna za ta cinye shi kafin hunturu mai zuwa.